A SAN CIWO KAFIN A SAUKE GIYA



Ƙungiyoyin gama kai da dama a cikinmu sun kai ga sayen mota tasu ta kansu. Waɗansu daga gonar haɗin gwiwa suka tara kuɗin shekara da shekaru, waɗansu kuwa rance suka ci. Motar da aka fi saya ita ce tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, gama ita ce take iya shiga hanyar burji da damina, ta kai taki gona, ta fito da masara da doya zuwa kasuwa, ta kuma kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Yawancin motocin nan 'yan tokumbo ne, sun gama aikinsu a Amurka ko Turai kafin su iso mana. Da yawa kuma giyarsu irin mai canja kanta ce, wadda direbobi suke kira otomatik.

Ran da irin wannan mota ta fara wasa, magana ɗaya akan kawo gaban kwamiti: "Giya ta mutu, sai an sauke." Daga nan sai a kira taron gaggawa, a taɓa kuɗin taki, ko a aza wa kowane memba abin da zai kawo. Wani lokaci a sa wata giyar, bayan wata biyu ciwon ya komo. Sa'an nan zargi ya shigo. Wannan ya ce laifin direba ne, wancan ya ce ma'aji da bakanike sun haɗa baki. Mota ce ta lalace, amma abin da yakan rushe a ƙarshe shi ne yarda tsakanin membobi, ita kuwa ba a sayar da ita a kasuwar kayan mota.

Ra'ayinmu ke nan: kada wata ƙungiya ta yarda a kwance ko noti ɗaya na giya, kada kuma ta fid da kuɗin sayen wata, sai an bi binciken da ba ya cin kuɗi daki-daki, an rubuta abin da aka gani, mutum biyu na kwamiti suna tsaye. Za mu ba da misali da Toyota 4Runner ta 1996 zuwa 2002, wadda a waɗansu ƙasashe ake kira Hilux Surf. Giyarta ta kamfanin Aisin ce, ƙirar A340, mai hawa huɗu. Abin da za mu faɗa ya shafi Pajero da Pathfinder da makamantansu, sai dai kowa ya duba littafin motarsa.

AKWATI BIYU NE A ƘARƘASHIN MOTA

Bayan inji akwai akwati biyu a jere. Na farko shi ne giyar kanta. Ba ta da kuloci irin wanda ake takawa. A maimakonsa akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, kanikawa suna ce masa kwanbata, shi yake karɓar ƙarfin inji. A cikin giyar akwai famfo wanda inji yake juyawa. Famfon yana tura jan mai da ƙarfi, man kuwa ya matse waɗansu faya-fayai da ake kira faiba. Matsewar nan ita ce shigar giya. Wato a otomatik mai shi ne hannun da yake sa giya, shi ne kuma yake kwashe zafi. In ya ragu, ko ya ƙone, ko ba irinsa aka zuba ba, lafiyayyar giya za ta yi kamar matacciya.

Akwati na biyu ƙarami ne, yana manne a bayan giyar. Shi ne ogzilari. Yana karɓar juyin da giya ta ba shi ya raba biyu: ya aika wa ƙafafun baya ta farfelar baya, ya aika wa na gaba ta sarƙa da farfelar gaba. Yana da 'yar sandarsa dabam mai alamomi H2, H4, N da L4. H2 na tafiyar kullum ne da ƙafafun baya. H4 na yashi da taɓo ne. L4 yana rage gudu wajen sau biyu da rabi, ya ƙara ƙarfin ja daidai haka. N kuwa yana yanke komai. Mansa dabam ne, mai kauri, lamba 75W-90, wajen lita 1. Akwai motocin da ogzilarinsu jan mai yake sha, kamar Jeep Cherokee, shi ya sa muka ce a duba littafi.

Ƙarfin inji yana bin hanya kamar ruwan lambu: daga inji zuwa giya, zuwa ogzilari, zuwa farfela, zuwa aksul, zuwa taya. In ruwa bai kai fangali ba, mai lambu yakan bi magudana ya ga inda ta toshe. Ba ya farawa da sayar da injin ban ruwa. Haka ya kamata mu yi da mota.

A FARA DA TAMBAYAR DIREBA

Direba shi ne ya fi kowa sanin motar, amma sau da yawa tsoro yakan rufe masa baki. A zauna da shi cikin natsuwa, magatakarda yana rubutawa. Yaushe abin ya fara? Da safe ne inji yana sanyi, ko bayan doguwar tafiya? Da kaya ko babu kaya? A gaba ne, ko a ribas, ko duka biyu? An ƙetare rafi kwanan nan? An canja taya, ko mai, ko lagireto? Akwai fitilar da ta kama a gaban sitiyari? Wa ya taɓa 'yar sandar ogzilari?

Amsoshin nan rabin bincike ne. Motar da take jinkirin shiga giya da safe, ta warware in ta yi zafi, a fara zargin ƙarancin mai ko toshewar matatarsa. Wadda take tafiya lafiya sai ta yi zafi sa'an nan ta fara zamewa, a yi zargin man ya gaji ko faiba ta cinye. Ƙarar da take tashi da sauka tare da totur, ko mota tana tsaye, ta wajen inji ce ko famfon giya. Ƙarar da take ƙaruwa da gudun mota, ko wace giya aka shiga, a neme ta daga ogzilari zuwa baya: boris, kuros na farfela, aksul, taya.

Kada kuma a manta da inji da birki. Motar da matatar fetur ɗinta ta toshe, ko filoginta ya mutu, ko birkinta yana kamawa, takan kasa hawan tudu ta yi ta neman giya, sai a ɗora wa giya laifin da ba nata ba.

SANDAR AWON MAI

Wannan binciken kowane memba zai iya koya. A yi tafiya kamar kilomita 15 domin man ya kai zafin aikinsa, wato digiri 70 zuwa 80. A tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a bar inji yana aiki. A taka birki, a bi da sandar giya kowane harafi sannu-sannu, a komo P. Sa'an nan a zaro sandar awon jan mai, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. Wanda ya auna inji yana kashe, kamar yadda ake auna baƙin mai, awonsa zai ruɗe shi.

A ɗiga man a kan farar takarda, a duba, a sansana.

1. Ja garau, babu ƙauri: man yana da lafiya.
2. Ruwan ƙasa, babu ƙauri: ya tsufa, lokacin canji ya yi.
3. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, da ɗan tsaki-tsaki a ciki: faiba ta ƙone. A nan maganar bakanike tana da ƙarfi.
4. Kumfa: ko an cika shi fiye da kima, ko ya ragu har famfo yana jan iska.
5. Fari-fari da ja-ja, kamar an dama nono da zoɓo: ruwa ya shiga. A kashe inji nan take.

Na biyar ɗin nan yana bukatar bayani. Jan mai yana bi ta wani bututu a cikin lagireto domin ya huce. In lagireto ya tsufa, bututun yakan ɓule, ruwan inji ya gauraya da man giya, ruwan kuwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta. An san wannan ciwo a tsofaffin 4Runner na shekarun da muka ambata, da kuma Nissan Pathfinder na 2005 zuwa 2010. Ku lura: a irin wannan hali mai laifi lagireto ne. Wanda ya sa sabuwar giya ya bar tsohon lagireto ya zuba kuɗin ƙungiya a rijiya.

In man ya ragu, a cika da irin wanda littafi ya ce. Giyar A340 ta waɗannan shekaru Dexron II ko III take sha. Motocin Toyota da suka biyo baya waɗansu T-IV suke sha, waɗansu WS, kuma masu shan WS da yawa ba su da sandar awo, sai a gareji ake auna su. Ja ba shaida ba ce, gama ana iya rina kowane mai. A sayi mai a rufaffiyar gora, a buɗe ta a gaban ɗan kwamiti.

Ruwa ba ya tsami banza, mai kuma ba ya raguwa banza. A kwantar da kwali a ƙarƙashin mota da dare, a duba da safe. In babu ɗigo amma man yana ta raguwa, a buɗe murfin cika ogzilari. A waɗansu motoci, in robar da take tsakanin akwatunan biyu ta mutu, jan mai yakan tsiyaye cikin ogzilari, sai ka ga ya kwararo da zarar an buɗe.

IN MOTA TA ƘI MOTSI

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. An sa D, an taka totur, inji yana kuka, mota tana tsaye. Kafin kowa ya ce giya ta mutu, a duba 'yar sandar ogzilari. Gwiwar fasinja, ko buhu, ko yaro mai wasa, suna iya ture ta zuwa N, ko ta maƙale tsakanin H da L. In haka ne, giya tana juyawa lafiya, ƙarfin ne ba ya wucewa. Alamarsa ita ce in aka mayar da sanda P sai a ji ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Kada a maimaita. A taka birki, a kashe inji, a mayar da 'yar sandar wurinta sosai, a sake gwadawa.

Akwai haɗari a nan wanda ya kamata kowa ya sani. In ogzilari yana N, P ba ta riƙe mota. Za ta gangara ko da an cire mabuɗi. Toyota ta sa wa waɗansu motocinta fitila mai rubutu A/T P domin wannan gargaɗi. Birkin hannu da dutse a gindin taya wajibi ne, balle a ƙauyukanmu na kan tudu inda yara suke wasa kusa da mota.

In 'yar sandar tana daidai, a ci gaba haka. A tsaya a fili, direba yana ciki, wani ya tsuguna daga gefe can nesa yana kallon farfelar baya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota inji yana aiki. In farfela tana juyawa amma tayoyi ba sa motsi, ciwon yana aksul na baya, giya ba ruwanta. In mota ta ƙi tafiya a H2 amma ta tafi a H4, nan ma ciwon yana baya ne, ƙafafun gaba ne suke janta. In ta tafi a L4 kaɗai, abu biyu ne: ko ogzilari ya lalace ta ɓangaren H, ko giya ta yi rauni har ba ta iya ja sai da taimakon L4. Launin mai da ƙaurinsa za su raba gardama.

Ga wani awo mai sauƙi da agogo. Inji ya yi zafi, ƙafa tana kan birki, a matsa daga N zuwa D, a ƙirga lokacin da za a ji mota ta karɓa. Littafin gyara na Toyota ya ba wannan giya ƙasa da daƙiƙa 1.2 zuwa D, ƙasa da 1.5 zuwa R. In sai an ƙirga uku ko huɗu, ƙarfin mai ya ragu. A kuma duba ƙarfen da ya haɗa sandar giya da akwatin, gama robobinsa sukan cinye, direba ya sa D alhali giya ba ta kai D ba.

WUTA CE KO ƘARFE?

Giyar nan ba ita kaɗai take yanke shawarar canji ba. Ƙwaƙwalwar mota tana jin gudun mota da yawan totur ta waɗansu ƙananan na'urori, sa'an nan ta ba da umurni ta waya ga 'yan makunnai da suke cikin kwanon giya, waɗanda ake kira solonoyid. In ɓera ya ci waya, ko taɓo ya shiga soket, ko solonoyid ɗaya ya mutu, mota za ta tashi da nauyi kamar an ɗaure ta, ko ta ƙi canjawa sama. Gyaran wannan ba ya bukatar sauke giya.

Motar takan faɗi ciwonta. A tsofaffin Toyota na kafin 1996 fitilar O/D OFF takan yi ƙyafta-ƙyafta, mai gyaran waya ya ƙirga ƙyaftawar ya sami lamba: 62 da 63 na solonoyid ne, 42 da 61 na na'urar jin gudu. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne. A rubuta lambar a littafin ƙungiya kafin a goge ta. A tuna kuma lamba tana nuna unguwar da ciwo yake ne kawai, ba ta ce a sayi kaya ba. Sai an auna waya da soket tukuna.

Akwai gwaji mai kyau da littafin gyara ya koyar. Mai gyaran waya ya cire soket ɗin solonoyid, a tuƙa motar a hanya marar cunkoso ana canjawa da hannu. A giyar A340, L za ta ba da giya ta ɗaya, 2 ta ba da ta uku, D ta ba da ta huɗu. In duka sun kama da ƙarfi, ribas ma ya kama, ƙarfen ciki yana da rai, sai a koma neman ciwo a waya. Waɗansu daga cikin giyoyin nan kuma suna da igiyar ƙarfe da ta taso daga totur, ita take daidaita ƙarfin mai. In ta saki ko ta yi tsauri, canji zai zo da zamewa ko da duka. Daidaita ta aikin 'yan mintoci ne.

Abu na ƙarshe kafin saukewa shi ne buɗe kwanon ƙasa. A cikinsa akwai maganaɗisu. Ɗan baƙin laushi kamar kwalli a jikinsa ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin abu mai yawa kamar dusa, shi ne shaidar da ta isa a ce a sauke. Gani ya kori ji. 'Yan kwamiti su gani da idonsu.

CIWON OGZILARI

Ogzilari yana da ƙarfi, yawancin ciwonsa daga hannunmu yake. Babban abokin gābansa shi ne tafiya a H4 ko L4 a kan kwalta. A irin wannan mota ƙafafun gaba da na baya sukan ƙulle su juya tare. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya tsawon tafiya. A yashi taya takan ɗan zame, bambancin ya fita. A kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfe ya murɗe. Mota ta yi ta tsalle a kwana, sitiyari ya yi nauyi, 'yar sanda ta ƙi fita. Kada a doke ta da ƙarfi. A ja da baya a miƙe 'yan taku kaɗan, takan saki.

Tayoyi masu bambancin girma suna kawo ciwo iri ɗaya ko a miƙaƙƙiyar hanya. Mun saba sayen taya ɗaya ɗaya gwargwadon aljihu, wannan sabuwa, waccan ta suɗe, wata ma lambarta dabam. A cika iska daidai, a zagaya kowace taya da igiya, a gwada tsawonsu. Motocin da suke ja da ƙafa huɗu kullum, kamar Prado ta shekarun nan, su ma ba sa son wannan bambanci.

In an sa H4 amma ƙafafun gaba ba sa ja, a fara da bakin taya. Waɗansu motoci suna da makulli a tsakiyar tayoyin gaba mai rubutu FREE da LOCK, sai an juya duka biyu zuwa LOCK da hannu. Waɗansu kuwa, kamar 4Runner da Pajero da yawa na shekarun 1990, iskar da inji yake zuƙa ce take haɗa aksul na gaba ta cikin siraran tiyo na roba. Zafi da shekaru sukan fasa tiyon, fitilar ƙafa huɗu ta yi ta ƙyaftawa ko ta ƙi kamawa. Ɗan tiyo kamu ɗaya yana iya sa a yanke wa ogzilari hukuncin kisa.

Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas a lokacin da ake ja da ƙarfi a H4 alama ce sarƙa ta miƙe tana tsallake haƙora. Kuka mai tsawo da yake bin gudun mota na boris ne, sau da yawa don mai ya ƙare. Kullum a fara kwance murfin cikawa kafin na zubarwa, kada a zubar da mai sa'an nan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. Man ya kai bakin ramin. In ya yi fari kamar kunu, ruwan rafi ne: akwati mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa. A canja man a ranar.

Rashin aiki ma ciwo ne. Toyota ta ba da shawara a yi tafiya da ƙafa huɗu kamar kilomita 16 kowane wata domin mai ya zagaya. A yi haka a hanyar ƙasa da rani, kada a bari sai ran da aka kafe a fadama.

ABIN DA WAƊANSU ZA SU CE

Wani zai ce, mu manoma ne, ina ruwanmu da aikin kanikawa? Gaskiya ne ba za mu gyara giya ba. Amma manomin da ba likitan dabbobi ba yakan buɗe bakin sa ya duba haƙora kafin ya biya kuɗi. Kuɗin na gwauraye ne da matasa da tsofaffi da suka ba da mudu-mudu. Wanda aka damƙa wa amanarsu ya wajaba ya san abin da yake sa hannu a kai.

Wani zai ce bakanike zai ji haushi. Bakaniken kirki ba ya ƙin a tsaya a kansa, gama binciken nan yana wanke shi daga zargi. Mu kuma mu yi masa adalci: a biya shi ladan bincike dabam, ko da ciwon ya zama na tiyo ne. In ba ya samun komai sai ya sauke giya, mu ne muka koya masa saukewa. Da yawa cikin kanikawanmu a kan giyar hannu suka koyi aiki, ba abin kunya ba ne a nemi wanda ya ƙware a otomatik ko da yana gari mai nisa.

Wani zai ce kaka ta yi, tumatir ba ya jira. Binciken da muka lissafa wuni ɗaya ne. Giyar da aka sauke bisa kuskure takan ajiye mota mako da makonni. A ɗauki hayar mota na kwana biyu ya fi.

Akwai kuma masu cewa kada a taɓa canja man otomatik, wai sabon mai yana kashe giya. Ga asalin maganar: in faiba ta riga ta cinye, garinta da yake cikin tsohon mai shi yake ɗan riƙe ta. Aka zuba sabo, sai ciwon da yake ɓoye ya fito. Sabon mai bai kashe ta ba, an makara ne. A canja tun yana ruwan ƙasa. Giyar tana ɗaukar kusan lita 10, amma abin da yake fita ta murfin ƙasa lita 2 zuwa 4 ne, saboda haka canji kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi.

IN YA ZAMA DOLE A SAYA

Wani lokaci bincike zai nuna giya ta ƙone da gaske. To, kafin a tafi Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, a amsa tambaya ɗaya: me ya kashe ta? Lagireto ne, ko yoyo, ko man da ba nata ba, ko lodin da ya wuce kima a hawan dutse? Ƙungiyar da ba ta san abin da ya kashe ta fari ba za ta binne ta biyu.

Kada a yi cinikin biri a sama. A tafi da lambar da take jikin tsohuwar giya, a gwada soket da soket. A buɗe kwanon wadda za a saya kafin a biya. A rubuta kwanakin gwaji a rasit. A wanke bututan da suke kai mai lagireto, gama dattin tsohuwa yana nan a ciki. Masu son a juya motar zuwa giyar hannu su lissafa duka: kuloci, feda, waya, wataƙila har farfela da ogzilari.

Kada kuma a ja motar da igiya zuwa gari mai nisa. Famfon giya ba ya aiki in inji yana kashe, ƙarfe zai yi ta juyawa babu mai. A ɗora ta a kan babbar mota, ko a kwance farfela. Otomatik kuma ba ta tashi da turi.

SHAWARARMU GA KWAMITOCI

Muna roƙon kowace ƙungiya mai mota ta kawo waɗannan a taronta na gaba, ta sa su cikin dokokinta:

1. A sayi littafi ɗaya ya zauna cikin mota. A rubuta kowace tafiya, kowane mai da aka zuba da irinsa, kowane gyara.
2. A zaɓi mutum biyu, mace ko namiji, su koyi auna jan mai da duba tayoyi. Su yi haka tare da direba sau ɗaya a mako.
3. Direban da ya kawo rahoton ciwo da wuri a gode masa a gaban taro. In fitilar A/T OIL TEMP ta kama, yana da izini ya tsaya, ya sa P, ya bar inji yana aiki har ta mutu, ko da kasuwa za ta watse.
4. A ƙayyade yawan buhunan da mota za ta ɗauka, kada shugaba ma ya ƙetare. A hawan dutse da kaya a yi amfani da 2 ko L, a hanya mai tsanani kuwa L4. Ba a shiga L4 sai mota ta tsaya cik, giya tana N.
5. Ba za a fid da kuɗin giya ko ogzilari ba sai an karanta wa taro sakamakon bincike.
6. A ware wani abu daga kuɗin kowace tafiya domin gyara, kada a taɓa kuɗin taki.

Kada direba ko ma'aji su ɗauki wannan a kan rashin yarda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Littafin da aka rubuta shi ne zai tsaya musu ran da magana ta tashi. Motar nan gumin mutane da yawa ce, in aka lura da ita za ta yi mana damina da yawa nan gaba.

Ƙungiyar da ta gwada wannan tsari ta aiko mana da labarin yadda ta ƙare, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Mu kwana lafiya.